Yadda Ake Ƙara Wurin Ajiya a Tsohuwar Uwar Garke Ba Tare da Asarar Bayanai Ba

GABATARWA

A ofisoshi da asibitoci da makarantu da ƙananan kamfanoni na ƙasar nan, akan sami wata babbar kwamfuta da aka keɓe mata ɗaki, ba kowa ke shiga ba. Ita ake kira uwar garke, ma'aikata kuwa sukan ce mata saba. A cikinta ne ake ajiye sunayen masu karɓar albashi, da takardun marasa lafiya, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da hotunan takardun filaye. Sauran kwamfutocin ofis duk wurinta suke zuwa su ɗauki abin da suke bukata, su kuma ba ta ajiyar abin da suka rubuta.

Ran da aka sayi irin wannan na'ura, gani ake yi wurin ajiyarta ba zai taɓa cika ba. Amma yau da gobe sai a wayi gari ta fara gargaɗi cewa wuri ya kusa ƙarewa. Daga nan sai shugaban ofis ya ce a sayo manyan fayafai a sa mata. Maganar tana da sauƙi a baki, aikin kuwa yana da haɗari, domin lokacin da ake ƙara wa jerin fayafai girma shi ne lokacin da bayanan da ke ciki suka fi kusa da salwanta. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, da hanyoyin da ake bi, da shirin da ya wajaba a yi tun kafin a taɓa ko da faifai ɗaya. Ma'aikacin da ke kula da na'urar zai amfana da shi, haka ma shugaban da zai sa hannu a fitar da kuɗin aikin.

1. MENE NE JERIN FAYAFAI?

Faifan ajiya shi ne rumbun kwamfuta. Kamfanin IBM ne ya fara fitar da shi kasuwa a shekarar 1956. Na farkon yana da faranti 50, kowanne faɗinsa inci 24, abin da yake ɗauka kuwa kimanin haruffa miliyan 5 ne. A yau faifan da bai fi tafin hannu ba yana ɗaukar fiye da haka sau dubban ɗaruruwa. Sai dai abu ɗaya bai sake ba: faifai yana tsufa, kuma wata rana zai mutu.

Saboda haka ne ba a barin uwar garke da faifai guda. Ana haɗa fayafai da yawa su yi aiki tare, kwamfuta ta gan su tamkar faifai ɗaya. Wannan haɗi shi ake kira RAID. Masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, watau David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, su ne suka yaɗa sunan a wata maƙala da suka gabatar a shekarar 1988. Abin da ke tafiyar da haɗin ko dai kati ne na musamman da ke cikin na'urar, wanda za mu riƙa kira katin sarrafawa, ko kuwa manhaja ce irin su mdadm da ke cikin Linux.

Ga ire-iren jerin da aka fi samu:

RAID 0 yana rarraba bayanai a kan dukan fayafai ba tare da wata kariya ba. Faifai ɗaya ya mutu, kome ya tafi.

RAID 1 fayafai biyu ne masu ɗauke da abu iri ɗaya. Ɗaya ya mutu, ɗaya yana nan.

RAID 5 yana bukatar fayafai uku ko fiye, yana kuma jure mutuwar guda ɗaya.

RAID 6 yana bukatar fayafai huɗu ko fiye, yana jure mutuwar guda biyu.

RAID 10 tagwayen fayafai ne irin na RAID 1 aka jera, aka rarraba bayanai a kansu.

Yaya RAID 5 yake dawo da abin da ke kan faifan da ya mutu alhali bai yi kwafinsa ba? Alal misali, a ce an rubuta 4 a faifai na farko, 7 a na biyu, 9 a na uku, sa'an nan aka rubuta jimlarsu, watau 20, a na huɗu. In na biyu ya mutu, sai a cire 4 da 9 daga 20, a sami 7. Lissafin da katin yake yi ya ɗan bambanta da wannan, kuma yakan rarraba jimlolin a kan dukan fayafan, amma ma'anar ɗaya ce. Mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na farko, kafin a gano lamba ɗaya da ta ɓata, tilas a karanta dukan sauran. Na biyu, in lambobi biyu suka ɓata a lokaci guda, jimla ɗaya ba za ta gano su ba. Duk haɗarin da za mu yi magana a kansa nan gaba daga waɗannan abubuwa biyu ya taso.

2. LISSAFIN WURI

Kafin a kashe ko kwabo, a zauna da takarda da alƙalami. Ƙa'idar ita ce jeri yana auna kowane faifai da ma'aunin mafi ƙanƙanta a cikinsu. In an haɗa fayafai uku masu terabait 1 da guda ɗaya mai terabait 2, babban ma terabait 1 kawai za a yi amfani da shi, sauran ya zauna a banza. Saboda haka wanda ya sayo babban faifai guda ɗaya ya sa cikin tsohon jeri bai ƙara kome ba.

A RAID 5 ana cire faifai ɗaya daga adadin fayafai, a ninka abin da ya rage da girman ƙaramin. A RAID 6 ana cire biyu. A RAID 1 da RAID 10 rabin jimlar ake samu. Fayafai huɗu masu terabait 1 a RAID 5 suna ba da terabait 3. Fayafai shida masu terabait 2 a RAID 6 suna ba da terabait 8.

Har wa yau, kada a yi mamaki in an sa faifai mai terabait 4 kwamfuta ta nuna 3.64. Ba a cuci kowa ba. Masu ƙera faifai suna ƙirga da dubu-dubu, kwamfuta kuwa tana ƙirga da 1,024. Wannan bambanci kusan kashi 9 cikin 100 ne a matakin terabait, ya kamata a sa shi cikin lissafi.

3. IYAKOKIN TSOHUWAR NA'URA

Domin bayanin ya fito fili, bari mu ɗauki na'ura guda da aka sani, watau Dell PowerEdge R710 wadda ta fito a shekarar 2009. Akwai mai gurbi shida na manyan fayafai masu inci 3.5, akwai kuma mai gurbi takwas na ƙanana masu inci 2.5. Abin da za a faɗa game da ita ya shafi tsararrakinta na sauran kamfanoni, ko da yake sunayen katunan sun bambanta. Iyakoki biyar ne za a bincika.

Na farko, katin sarrafawa. Wasu daga cikin waɗannan na'urori sun zo da katin PERC 6/i, wanda ba ya iya amfani da fiye da terabait 2 a faifai guda. Wanda ya sa masa faifai mai terabait 4 ya yi asarar kuɗinsa. Katin PERC H700 da ya biyo baya yana karɓar manyan fayafai in an sabunta manhajar da ke cikinsa. Don haka tambayar farko ita ce: wane kati ne a ciki, kuma manhajarsa ta yaushe ce?

Na biyu, teburin rabon faifai. Kowane faifai yana da wani tebur a farkonsa mai nuna yadda aka raba shi yanki-yanki. Tsohon tsarin, mai suna MBR, ba ya iya ƙirga fiye da sassa 4,294,967,296, kowane sashe kuwa bait 512 ne. In an ninka su sai a sami kimanin terabait 2.2. Duk abin da ya haura wannan, MBR ba ya ganinsa. Sabon tsarin mai suna GPT ba shi da wannan matsi. Sai dai hanyar da aka saba bi a Windows ta juya faifan bayanai daga MBR zuwa GPT tana bukatar a share dukan yankunan da ke kansa. Windows kuma ba ta tashi daga faifan GPT sai na'urar tana kan tsarin UEFI. Wannan ya sa ya fi kyau a bar babbar manhaja a kan ɗan ƙaramin jeri nata, bayanai kuma a nasu jerin dabam.

Na uku, irin mahaɗin faifai. Akwai SAS, akwai SATA. Katin SAS yana karɓar faifan SATA, amma katin SATA ba ya karɓar faifan SAS. Katunan PERC kuma ba su yarda a gauraya iri biyun cikin jeri ɗaya ba.

Na huɗu, ƙirar sababbin fayafai. Wasu manyan fayafai na yanzu, waɗanda aka yi wa alamar 4Kn, sassansu bait 4,096 ne, tsofaffin katuna ba su san su ba. Akwai kuma fayafai masu tsarin SMR, waɗanda ake rubuta layukansu wani ya hau gefen wani kamar kwanon rufi. Suna da araha, amma in aka matsa musu da rubutu mai yawa ba hutawa sai su yi nawa ƙwarai, har kati ya ɗauka sun mutu ya fitar da su daga jeri. A shekarar 2020 kamfanin Western Digital ya tabbatar cewa wasu fayafansa na WD Red masu terabait 2 zuwa 6 irin wannan tsari ne da su, bayan masu saye sun yi ƙorafi. Domin jeri, a nemi faifai mai tsarin CMR, a kuma duba lambar ƙirarsa a takardar kamfanin kafin a biya.

Na biyar, tsarin fayil. Shi ma yana da iyaka. Alal misali, ext3 na Linux ba ya wuce kimanin terabait 16 a yadda aka saba tsara shi. Yawancin ƙananan ofisoshi ba za su kai nan ba, amma mai babban jeri ya bincika.

4. HANYOYI HUƊU

A ce na'urarmu mai gurbi shida ce, da katin PERC 6/i, da fayafai huɗu masu terabait 1 a RAID 5. Wurin ajiya terabait 3 ne, ya cika, gurbi biyu kuma babu kome a cikinsu. Ga abin da za a iya yi.

Hanya ta farko ita ce a gina sabon jeri a guraben da ba kome. A sa fayafai biyu masu terabait 2 a yi RAID 1 da su, a sami ƙarin terabait 2, sa'an nan a kwashe tsofaffin fayiloli a mai da su can. Ba a taɓa tsohon jeri ba ko kaɗan, saboda haka ita ce mafi ƙarancin haɗari. Aibinta shi ne wurin ajiya ya rabu gida biyu.

Hanya ta biyu ita ce a ƙara fayafai cikin tsohon jeri. In an ƙara biyu masu terabait 1, RAID 5 zai koma terabait 5. In kuwa aka juya shi zuwa RAID 6, za a sami terabait 4 da ƙarin kariya. A nan katin zai kwashe dukan bayanan ya sake shimfiɗa su a kan fayafai shida. Aikin yakan ɗauki kwana ɗaya ko kwanaki, kuma a yawancin katuna in an fara ba a komawa baya. Katunan PERC na wancan zamani ba su yin wannan aiki ga RAID 10, ba su kuma yin sa in an yanka jerin gida biyu ko fiye. Masu amfani da tsarin ZFS ma ba su sami ikon ƙara faifai guda cikin jerin RAIDZ ba sai da OpenZFS 2.3 ya fito a watan Janairu na shekarar 2025.

Hanya ta uku ita ce a musanya fayafan ɗaya bayan ɗaya da manya. A cire mai terabait 1, a sa mai terabait 2, a jira katin ya sake gina abin da ke kansa, sa'an nan a koma na gaba. Sai an gama da na huɗu ne wurin zai iya zama terabait 6. Ita ce hanyar da mutane suka fi sha'awa domin ba a rufe ofis, ita ce kuma mafi haɗari, kamar yadda za a gani a sashe na gaba. Bugu da ƙari, wasu tsofaffin katuna ba su yarda a faɗaɗa tsohon jerin ya mamaye sabon wurin ba, sai dai a yanka wani faifai na biyu daga cikinsa.

Hanya ta huɗu ita ce a kwafe kome, a cire tsofaffin fayafai a adana su, a gina sabon jeri daga tushe, a dawo da bayanai. Fayafai shida masu terabait 2 a RAID 6 za su ba da terabait 8. Za a rufe aiki na kwana ɗaya ko biyu, amma an sami damar komawa GPT, an bar RAID 5, tsofaffin fayafan kuma suna nan da bayanansu in wani abu ya faru. In hali ya yi, wannan hanya ita ce ta fi dacewa da na'urar da ta tsufa.

5. ME YA SA SAKE GINI YAKE DA HAƊARI?

Daga lokacin da aka zare faifai ɗaya daga RAID 5 har zuwa lokacin da aka gama gina madadinsa, jerin ba shi da wata kariya. In wani faifai ya mutu a wannan tsakani, bayanan sun tafi. Abubuwa uku ne ke sa hakan ya fi yiwuwa fiye da yadda ake zato.

Abu na farko shi ne tsawon lokaci. In katin yana rubuta megabait 100 a kowace daƙiƙa, terabait 1 zai ci daƙiƙa 10,000, watau kusan awa 3. Terabait 4 zai ci fiye da awa 11. Wannan lissafi na na'urar da ba kowa ke amfani da ita ba ne. In ma'aikata suna kan aiki, lokacin zai iya ninkawa.

Abu na biyu shi ne kuskuren karatu. Masu ƙera fayafai suna rubuta a takardunsu cewa faifan gama-gari zai iya kasa karanta abu ɗaya cikin kowane bit tiriliyan 100, watau kimanin terabait 12.5. Fayafan da aka ƙera domin uwar garke sun fi haka sau goma. Wannan adadi iyaka ce ta alkawari, fayafai da yawa suna yin abin da ya fi shi kyau. Duk da haka a duba misalinmu na hanya ta uku. Kowane sake gini yana karanta terabait 3 daga sauran fayafai uku. Sau huɗu ke nan terabait 12. A ranakun da jeri yake cikakke, in wani sashe ya ƙi karantuwa katin yakan gyara shi daga lissafin da ke kan sauran. Lokacin sake gini kuwa babu inda zai samo gyaran. Wani katin sai ya tsai da aikin gaba ɗaya, wani kuma ya yi wa wurin alama ya wuce, fayil ɗin da ke nan ya lalace.

Abu na uku shi ne fayafan tsararraki ne. Rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha, aiki ɗaya suka yi shekara da shekaru. Sake gini yana tilasta wa kowannensu karatu daga farko har ƙarshe ba hutawa, har da wuraren da aka daɗe ba a taɓa ba. A shekarar 2007 ma'aikatan kamfanin Google suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan fayafai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka fara samun kuskure a binciken farfajiyarsa, yiwuwar ya mutu cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 39. Sun kuma gano cewa kimanin kashi 36 cikin 100 na fayafan da suka mutu ba su ba da wata alama ba a tsarin SMART, watau tsarin da faifai yake ba da rahoton lafiyarsa. Ma'anar wannan ita ce gargaɗin faifai abin ɗauka da muhimmanci ne, shirunsa kuwa ba tabbacin lafiya ba ne.

Akwai dabarar rage wannan haɗari in da gurbin da ba kome. Katuna da yawa, haka ma mdadm, suna iya kwafe abin da ke kan tsohon faifai zuwa sabo alhali tsohon yana nan cikin jeri. Sai an gama ne za a zare shi. Ta haka jerin bai rasa kariyarsa ba ko na minti ɗaya. Duk inda wannan dabara ta samu, a yi amfani da ita.

6. SHIRI KAFIN RANAR AIKI

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwan da za a kammala tun da sauran kwanaki.

(a) A yi cikakken kwafin kariya. Jama'a su sani cewa RAID ba kwafin kariya ba ne. In wani ya share fayil bisa kuskure, ko mugunyar manhaja ta kulle bayanai, ko gobara ta tashi, dukan fayafan jerin abin zai shafa a lokaci guda. Ƙa'idar da masana suke bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a ajiye shi a wani gini dabam.

(b) A gwada kwafin. A dawo da wasu fayiloli da rumbun bayanai a wata kwamfuta, a buɗe su a gani da ido. Kwafin da ba a gwada ba, ba a san ko yana da amfani ba.

(c) A duba lafiyar kowane faifai da rahoton katin. A sa katin ya yi binciken daidaito na dukan jerin, domin ya gyara sassan da suka lalace tun yana da ikon gyarawa. In an ga faifai mai alamar ciwo, shi za a fara musanyawa.

(d) A duba batirin katin sarrafawa. Katin yana riƙe abin da za a rubuta a wata 'yar ma'ajiya kafin ya sauke shi kan faifai, batirin ne ke tsare ta in wuta ta ɗauke. Batirin da ya shekara goma ba abin dogaro ba ne. In ya mutu, katin yakan rage gudu ƙwarai, wasu katunan ma su ƙi fara aikin faɗaɗawa.

(e) A tanadi wuta. A gwada na'urar riƙe wuta, watau UPS, a ga minti nawa take ɗauka da gaske. A zuba wa janareta man da zai kai ƙarshen aikin har ya yi saura. A tabbata na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, a kuma share ƙurar da ta toshe hanyoyin iska, musamman bayan hunturu, domin fayafai suna ƙara zafi lokacin sake gini.

(f) A rubuta tsarin da ake da shi: irin jerin, da lambar kowane faifai da gurbin da yake ciki. A manna wa kowanne takarda.

(g) A gwada sababbin fayafai a wata na'ura kafin a sa su, ko da sababbi ne fil daga kwali. In na hannu ne, a duba awoyin da suka yi suna aiki. A sayi guda ɗaya ƙari ya zama na ko-ta-kwana.

(h) A zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi, kamar ƙarshen mako, a kuma guje wa ƙarshen wata in na'urar ce ke fitar da albashi. A sanar da ma'aikata a rubuce.

7. RANAR AIKI

In musanyawa ake yi, a sa manhajar katin ta kunna fitilar faifan da za a cire, a gwada lambarsa da abin da aka rubuta. Zare faifan da ba shi ba yana daga cikin kurakuran da suka fi jawo asara. Faifai ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Kada a cire na biyu sai manhajar ta nuna an gama ɗari bisa ɗari kuma jerin ya koma lafiya. Kada a kashe na'urar ko a sabunta wata manhaja ana tsakiyar aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan an gama da fayafai, sau da yawa sai a ga wurin ajiya bai ƙaru ba, hankali ya tashi. Dalili shi ne abin hawa uku ne, kowanne sai an faɗaɗa shi da kansa. Hawa na farko shi ne jerin, ana faɗaɗa shi da manhajar katin ko da mdadm. Hawa na biyu shi ne yankin faifai. A Windows ana faɗaɗa shi da Disk Management, muddin sabon wurin yana manne da ƙarshen yankin. A Linux ana amfani da parted, in kuma akwai LVM sai a bi da pvresize da lvextend. Hawa na uku shi ne tsarin fayil: resize2fs domin ext4, xfs_growfs domin XFS. A Windows hawa na biyu da na uku tare suke tafiya. Tilas a bi su a jere daga ƙasa zuwa sama. In an kammala, a sake yin binciken daidaito, a kuma yi sabon kwafin kariya.

8. IN AN SAMI MATSALA

In faifai na biyu ya faɗi ana tsakiyar sake gini, abu na farko shi ne a tsaya. Kada a yarda da duk wani umurni na share jeri ko ƙirƙirar sabo a kan fayafan, kada a sauya musu gurabe, kada kuma a yi ta kunnawa da kashewa da fatan abin zai gyaru. Sau da yawa ana iya ceto bayanai bayan mutuwar faifai, amma gyaran gaggawa yakan binne su har abada, garin neman gira a rasa ido. A ɗauki hoton abin da allo ya nuna, a adana rahoton katin, sa'an nan a nemi ƙwararre ko a koma ga kwafin kariya.

9. TSOFAFFIN FAYAFAI DA TSOHUWAR NA'URA

Kada a yi saurin rabuwa da fayafan da aka cire. A adana su 'yan makonni har a tabbata sabon jerin ya zauna. Bayan haka a goge su da manhajar da ke rubutu a kan kowane sashe, ko kuwa a farfasa su. Share fayil kawai ba ya kawar da shi daga faifai. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, saboda haka faifan da ke ɗauke da sunayen marasa lafiya ko lambobin asusun ma'aikata ba abin kai wa 'yan gwangwan ba ne.

Daga ƙarshe, shugaban ofis ya tambayi kansa ko na'urar ta cancanci a kashe mata kuɗi. In kati da batir da fayafai duk sai an saya, kuma kamfanin da ya yi babbar manhajarta ya daina gyara ta, zai yiwu kuɗin ya fi amfani a kan wata na'urar da ta fi ta ƙuruciya. In kuwa an yanke shawarar a ci gaba da ita, to kada shugaba ya sa hannu a fara aiki sai ma'aikaci ya nuna masa abu uku a rubuce: lissafin wurin da za a samu, da shaidar cewa katin zai karɓi fayafan, da ranar da aka gwada kwafin kariya.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Fayafai biyar masu terabait 2 nawa za su bayar a RAID 5, nawa kuma a RAID 6?
2. Me zai faru in an sa faifai ɗaya mai terabait 4 cikin jerin fayafai masu terabait 1?
3. Daga ina iyakar terabait 2.2 ta MBR ta samo asali?
4. Kawo dalilai uku da ke sa lokacin sake gini ya zama mai haɗari.
5. Waɗanne hawa uku ne ake faɗaɗawa kafin sabon wuri ya bayyana, kuma da wanne ake farawa?